Maɗaba'a a Kan Tebur

(Taken shiri. A sassauta kiɗa.)

Ina gaida mutanen cikin garin Yola, da na Jimeta, da na tsallaken kogin Binuwai wajen Girei, da duk inda muryar nan ta kai. 'Yan uwa Fulɓe, jaɓɓaama. Yau zancen takarda za mu yi: katin biki, takardar jarrabawa, rasit, fasta, da 'yar takardar nan da ake mannawa a jikin robar zoɓo. Za mu taɓa manhajojin kwamfuta da ake tsara su da su, da abin da ya kamata mai aiki ya sani kafin ya ce a buga.

Bari in fara da tonon asirin kaina.

Bara, bayan babbar salla, aka sa ranar auren 'yar ƙanwata. Da yake ni ne kawu, kuma ni ake wa kallon ɗan boko a gidan, sai aka ɗora mini buga katin gayyata. Na rubuta komai da biro a fallen takarda, na hau Keke Napep na nufi wani shago a Jimeta. Ba zan faɗi sunan shagon ba, don rabin laifin nawa ne. Yaron da ke kan kwamfutar hannunsa kamar walƙiya. Kafin in gama shan ruwan leda ɗaya ya zuba furanni, ya kewaye katin da zanen ruwan gwal, ya juyo mini da fuskar kwamfutar. Na duba, abu ya yi kyau.

Ya ce, "Baba, guda nawa?"

Na ce ɗari uku.

Ya ce, "Baba, ba ka tsaya in fitar maka da ɗaya ka karanta ba?"

Na ce, "Ɗana, ai ga shi na gani. La'asar ta yi, buga kawai."

Kwana biyu da fara rabon kati sai ga wayar wani abokin wasana. Ko gaisawa ba mu yi ba ya fashe da dariya, ya ce shi dai ba zai zo ba, tunda masu manyan baki muka gayyata, shi kuwa nasa bakin ɗan ƙarami ne. Na ɗauko katin na duba. Inda na rubuta "manyan baƙi", an buga "manyan baki". Inda na rubuta "ɗaurin aure", an buga "daurin aure", sai ka ce maganin jarirai za mu dafa wa ango da amarya. Lanƙwasar nan ta kan ƙ da ɗ duk ta zube a hanya. Idona ya bi ta kan rubutun a kwamfuta bai ga komai ba, domin ido abin da ya riga ya sani yake karantawa. Haka aka yi bikin da katin, kuma har yau in mun haɗu da mutumin nan sai ya tambaye ni lafiyar manyan baki.

To me ya sa irin wannan ya yi yawa yanzu? Sai mun ɗan koma baya.

A da, buga takarda aikin gida guda ne na ma'aikata. Ku ɗauki Zariya, inda jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a watan Janairu na 1939, aka kuma kafa Kamfanin Gaskiya a 1945. A irin wannan maɗaba'a akwai edita, akwai mai jera haruffan dalma, akwai mai injin, akwai mai naɗewa da ɗinki. A tsakaninsu kuma akwai wani mutum da ba shi da aikin komai sai zama da jan biro yana farautar kuskure. Shafi ba ya hawa inji sai ya bi ta hannunsa. A makarantu kuwa, tsofaffin malamanmu na zamanin jihar Gongola za su tuna tafireta da sitansil. A buga tambayoyin jarrabawa a kan sitansil, in an yi kuskure a shafa wani jan ruwa mai warin jan farce, a jira ya bushe, a sake bugawa. Sannan a ɗaura shi a injin Gestetner a yi ta juya hannu, tawada har gwiwar riga. Wahala ce, amma wahalar ta sa mutum ya karanta sau uku kafin ya taɓa maɓalli.

A 1985 abin ya juya. Wani kamfani a birnin Siyatil na Amurka mai suna Aldus, ƙarƙashin Paul Brainerd, ya fito da manhajar PageMaker. A shekarar ce kuma kamfanin Apple ya fito da firintar LaserWriter. Da kwamfutar Macintosh, da wannan manhaja, da wannan firinta, mutum ɗaya a kan tebur ɗaya ya iya tsara shafi ya fitar da shi kamar na maɗaba'a. Brainerd ɗin ne ma ya raɗa wa sana'ar sunan da ake kiranta da shi a Turance, wanda ma'anarsa ita ce ɗab'i a kan tebur. QuarkXPress ta biyo baya a 1987, CorelDRAW ta fito daga ƙasar Kanada a 1989, Microsoft Publisher a 1991. Sannu a hankali abin ya iso mana, har ya zama yau in ka bi titin Mohammed Mustapha, ko kewayen babbar kasuwar Jimeta, ko ƙofar Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ta Poli, ko bakin jami'ar Modibbo Adama, da wuya ka yi doguwar tafiya ba ka ji ƙarar janareta da injin fotokwafi ba.

Alheri ne babba, kada wani ya ji na ce ba haka ba. Matasa da yawa da wannan sana'a suke ci, suke biyan kuɗin makaranta, wasu har sun yi aure da ita. Sai dai da maɗaba'ar ta sauko kan tebur, mai jera haruffa ya shiga cikin kwamfuta, mai injin ya shiga cikin firinta, shi kuwa mai jan biron nan babu wanda ya ɗauko shi. Kujerarsa tana nan babu kowa. In kai mai aikin ba ka zauna a kanta ba, haka takardarka za ta fita.

(Gajeren kiɗa.)

Tambayar da aka fi yi mini ita ce: Malam, wace manhaja ce ta fi? Ni kuwa nakan ce, wane aiki za ka yi, kuma wa zai buga maka?

In malamin makaranta ne kai, aikinka takardar jarrabawa, da wasiƙar iyayen yara, da jadawalin darasi, to Microsoft Word ta ishe ka har ta yi yawa. In babu kuɗin lasisinta, akwai LibreOffice, kyauta ce, kuma halal. Abin da ke ba ni takaici shi ne yadda ake wahalar da Word. Za ka ga mutum yana son kan magana ya zauna a tsakiyar shafi, sai ya yi ta danna dogon maɓallin tazara har rubutun ya rarrafa ya kai tsakiya. Ranar da aka buɗe fayil ɗin a wata kwamfutar, komai ya watse, tambaya ta biyar ta hau kan ta shida. Akwai maɓallin tsakaitawa, akwai tebur na jera abubuwa, rabin awa ya isa a koya.

In kuwa kati ne, ko fasta, ko bana ta fileks, ko tambarin shago, a garin nan CorelDRAW ce sarauniya. Kusan duk shagon da ka shiga ita ce a buɗe, kuma masu manyan injuna da ita suka saba. Ga wani tarko a cikinta: fayil ɗin da aka adana da sabon zubinta ba ya buɗuwa a tsohon zubi. Yaro ya kwana yana tsara aiki a gida, ya kai wa mai injin, a ce ba ya buɗuwa. Tun kafin ka fara, ɗaga waya ka tambayi mai bugawa wane zubi gare shi, sai ka adana daidai da nasa.

Littafi kuma, ko mujallar makaranta mai shafi arba'in ko sittin, nan ne mutanenmu ke cutar kansu da Corel. Ita gwanar zane ce a shafi ɗaya ko biyu. Doguwar magana mai gangarawa daga shafi zuwa shafi, da lambar shafi, da jerin abin da ke ciki, aikin InDesign ne, wadda kamfanin Adobe ya fitar a 1999 ta gaji PageMaker. InDesign haya ake biya, wata-wata ko shekara-shekara, kuma da kuɗin waje, kun kuwa san yadda canji yake. Mai son ta kyauta ya nemi Scribus. Tana da ɗan taurin kai a farko, amma tana fitar da aikin da maɗaba'a za ta karɓa. Masu Publisher kuma, ga sanarwa: kamfanin Microsoft ya ce daga watan Oktoba na 2026 ya daina kula da ita. Makarantar da ta tara takardun shaidar kammalawa da katin sakamako a cikinta, ta mayar da su PDF, ta kuma fara neman inda za ta koma.

Sai Canva, 'yar ƙasar Ostireliya, wadda ta fito a 2013. Ita ce ta shigar da ɗab'i cikin ɗakunan matan aure. Da waya kaɗai uwargida mai sayar da turaren wuta a Damilu ko mai dambun nama a Wuro Hausa za ta haɗa tallarta ta saka a WhatsApp. Na yaba mata a nan. Inda nake da ja shi ne, tana cin data, kuma da yake kowa daga rumbu ɗaya yake ɗibar samfuri, sai ka ga tallar mai kek da ta mai maganin gargajiya da ta taron siyasa duk fuskarsu ɗaya.

Ba zan wuce ba sai na taɓa abin da kowa ya sani ake kau da kai. Yawancin Corel ɗin da ke kwamfutocinmu ta bayan gida aka samo ta. Ban zo yin wa'azi ba, malamai na nan. Abin da na sani shi ne irin waɗannan kwafe-kwafen sukan zo da ƙwayar cuta, filas ɗin kwastoma kuma ya kwashe ta daga wannan shago zuwa wancan. Mai ƙaramin ƙarfi ya gwada Inkscape, kyauta ce, kuma tana yin mafi yawan zanen da ake nema a shago.

(Kiɗa.)

Yanzu mu koma kan lanƙwasar da ta kunyata ni, don ita ce ta fi damuna a duk wannan zance.

Hausa tana da ɓ, da ɗ, da ƙ. Fulfulde tana da ɓ, da ɗ, da ƴ, da ŋ. Tun a 1966 masana suka zauna a Bamako ƙarƙashin hukumar UNESCO suka daidaita yadda za a riƙa rubuta waɗannan harsuna da boko. Mu a Adamawa abin ya fi shafarmu, domin ban da Hausa da Fulfulde ga Bwatiye, ga Chamba, ga Kilba, ga Margi, ga Kamwe, kuma da dama cikin harsunanmu suna da haruffan da babu su a allon Turanci. Kalmar Lamiɗo kanta da ɗ take. Kalmar Fulɓe da ɓ take. Ku duba allunan da ke gefen titi daga Jimeta zuwa cikin Yola ku ƙirga nawa ne suka sa musu lanƙwasa.

Wani zai ce ai ana ganewa. Wani lokacin ana ganewa. Amma fada daban, faɗa daban: "an yi fada a Yola" labarin gini ne, "an yi faɗa a Yola" labarin 'yan sanda ne. Kafa daban, ƙafa daban. Wanda ya ce ya kasa, bai ce ƙasa ba. Babba yakan cike gurbin da hankalinsa. Yaro ɗan aji biyu da ke koyon karatu fa? An koya masa ƙ a allo, ya buɗe takardar jarrabawar Hausa ya ga k. Wanne zai gaskata? Mu da hannunmu muke rushe abin da malamin ya gina.

Matsalar hawa biyu ce. Hawan farko, yadda za ka shigar da harafin. A waya abin ya yi sauƙi: shiga saitin Gboard ka ƙara Hausa ko Fulfulde, haruffan za su samu. A kwamfuta mai Windows akwai allon rubutun Hausa a cikin saitin harsuna, ƙara shi kawai za ka yi. Akwai kuma wata manhaja kyauta mai suna Keyman. In duk wannan ya yi maka nisa, ga dabara a cikin Word, mai biro ya rubuta. Ka buga 0253, sai ka danne maɓallin Alt tare da X, lambar za ta rikiɗe ta koma ɓ. Lambar ɗ ita ce 0257. Ta ƙ ita ce 0199. Na sake: ɓ, 0253, ɗ, 0257, ƙ, 0199. Masu rubuta farashi, alamar naira ita ce 20A6, ku huta da buga N kuna jan layi biyu da biro. Mai shago ya rubuta waɗannan a 'yar takarda ya manna a gefen kwamfuta.

Hawa na biyu shi ne salon haruffan, abin da yaran shago ke kira fon. Ba kowane fon ne yake da haruffanmu ba. Yawancin masu ƙwalisar nan da ake so a katin biki, masu kama da rubutun hannu, babu ɗ babu ƙ a cikinsu. In ka matsa musu, ko dai su bar maka ɗan akwati fanko a gurbin harafin, ko kwamfuta ta aro harafin daga wani fon, ya tsaya a tsakiyar kalma kamar baƙo a gidan biki, tsayinsa daban, kaurinsa daban. Na taɓa ganin takardar jarrabawar Hausa ta wata makaranta da akwatunan nan suka cika ta, yara suna tambayar mai tsaron jarrabawa ko cike gurbi ake so su yi. Arial da Times New Roman na kwamfutocin yanzu suna da haruffan. Akwai kuma waɗanda aka yi musamman don harsuna irin namu, kyauta a intanet: Charis SIL, da Gentium, da dangin Noto na Google, da Andika, wanda don masu koyon karatu aka zana shi. Malaman firamare, ku riƙe sunan Andika. Kafin ka zaɓi kowane fon, rubuta "ɓarawo ya ɗauki ƙaho" da shi. In haruffan uku sun fito lafiya, ci gaba.

Ajami ma an yi masa gata. Akwai fon mai suna Alkalami, wanda aka zana a kan salon rubutun hannu na Kano, akwai kuma Harmattan, wanda aka yi don ajamin Afirka ta Yamma. Malaman Islamiyya da masu rubuta waƙoƙin Fulfulde da ajami, wannan naku ne. Sai dai ku lura, wasu tsofaffin manhajoji ba su san rubutu daga dama zuwa hagu ba, sukan wargaza haruffan Larabci kowanne ya tsaya shi kaɗai, ko su juya kalmar baya. Yaron da bai yi allo ba ba zai gane an samu matsala ba. Duk takardar da ke da aya ko hadisi, kada ta hau inji sai malami ya duba ta. Ni a ra'ayina ma, katin biki da fastar talla ba wurin aya ba ne. Mun san inda katin yake ƙarewa bayan an watse: ƙasa, ko kwata, ko hannun mai ƙosai.

(Kiɗa.)

To an tsara aiki, saura kai shi inji. A nan ma kuɗi na zubewa.

Kada ka kai aikinka a fayil ɗin Word ko na Corel tsirara in kana da hali. Mayar da shi PDF. Shi PDF yana ƙunshe fon ɗin a cikinsa, yadda ka gan shi a gida haka zai buɗe a shago. In kuwa dole sai fayil ɗin Corel, ka ce wa mai tsarawa ya mayar da rubutun zane, wato ya danna Ctrl da Q, amma ya ajiye kwafi ɗaya da ba a mayar ba, don rubutun da ya zama zane ba ya gyaruwa.

Hoto kuma, don Allah a daina turo shi ta WhatsApp a matsayin hoto. WhatsApp matse shi yake yi don ya rage nauyi. A fuskar waya ba za ka ga bambanci ba, amma ranar da aka buɗa shi a kan kalanda sai fuskar Alhaji ta fito dishi-dishi kamar an hango shi cikin hazo. Tura shi a matsayin dokumen, ko a kwafa ta waya da kebul. Masu sana'ar suna neman ɗigo 300 a kowane inci ga aikin da za a riƙe a hannu. Bana da za a hanga daga nesa ba ta buƙatar haka.

Sai launi, wanda ya sha haɗa kwastoma da mai shago faɗa. Fuskar kwamfuta da haske take haɗa launi, daga ja da kore da shuɗi. Inji kuwa da tawada huɗu yake haɗawa: shuɗi-shuɗi, da ja mai ruwan hoda, da rawaya, da baƙi. Akwai koren da haske ke iya yi, tawada ba ta iya yi. Hajiya ta zaɓi launin ankon biki a waya, kati ya fito ya ɗan dushe, ta ce an cuce ta. Ba a cuce ta ba. Maganin abin shi ne mai tsarawa ya sa aikin a tsarin CMYK, wato na tawada huɗun nan, tun farko, a kuma fitar da gwaji ɗaya a irin takardar da za a yi aikin da ita, ta gani da idonta ta amince. In launin zai kai har bakin takarda, a bar masa rarar milimita 3 a kowane gefe saboda wuƙar yanka, kada farin layi ya fito a baki. Rubutu kuma a janye shi daga gefe, kada a yanke wa lambar waya wutsiya.

Ga wani lissafi da shugabannin makarantu za su so. Ɗan littafin da ake naɗewa biyu a ɗinke a tsakiya, irin na shirin bikin yaye ɗalibai, shafukansa huɗu-huɗu suke tafiya, domin kowane falle ɗaya shafi huɗu yake bayarwa. In ka tsara shafi 10, na 12 za ka biya, biyu su fito fanko. Ko ka matse ya koma 8, ko ka cike 12 da abin amfani. Haka jarrabawa: a ce ɗalibai 300, tambayoyi shafi biyu. In an buga gaba da baya, falle 300 ne, rim ɗaya mai falle 500 ya isa har da saura. In an buga fuska ɗaya, falle 600 ne, sai an fasa rim na biyu. A darasi ɗaya ke nan. Ku ninka da yawan darussa, ku ninka da zango uku.

Masu tunanin sayen firinta a gida, ku yi la'akari da garin da muke. Zafin Yola a watan Maris da Afrilu yakan haura digiri 40, ga ƙurar hunturu. Firinta mai tawadar ruwa in ta yi makonni ba a taɓa ta ba, tawadar takan bushe a bakinta, gyaran kuma ya kusa kuɗin sabuwa. Wanda bugunsa jefi-jefi ne, kuma baƙi da fari, mai hoda ta fi masa, wato lesa, sai dai tana jan wuta, ƙaramin inbata ba ya ɗaukarta. A rufe ta da ƙyalle in an gama. Da damina kuma a bar takarda cikin ledarta, don in ta sha danshi sai ta riƙa maƙalewa. In aikin ya kai ɗaruruwa, firintar gida asara ce, kai shi wurin masu babban inji, inda kuɗin kowane kwafi ke sauka in yawa ya ƙaru.

Mata masu sana'ar gida, masu zoɓo da kunun aya da yaji da man shanu, ga naku. Na ga takardun da kuke mannawa, wasu sun sha ado har sunan kayan ya ɓace a cikin furanni. Mai saye yana tsaye a rana, daƙiƙa biyu zai ba robarki. Sunan kaya ya fito ɓaro-ɓaro, sai lambar waya da manyan lambobi, sai abin da aka haɗa da shi, da ranar da aka yi da ranar da zai lalace. Fon biyu sun isa. Tunda robar cikin ƙanƙara za ta kwana, ki ce a buga miki a sitika mai jure ruwa, don takarda zalla saɓulewa take yi. Abu ɗaya kuma da babbar murya: kada wani mai tsarawa ya ce zai sa miki lambar NAFDAC don kayan su yi kwarjini. Lambar da hukumar ba ta ba ki ba, laifi ce a gaban doka, kuma sunanki da lambar wayarki ne a jikin robar, ba nasa ba.

Haka marubutanmu masu buga littafi da kuɗin aljihunsu: lambar ISBN daga Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa ake karɓarta, ba a kwafo ta daga bayan littafin wani.

Lokaci yana hararata, amma ina da roƙo ga ɓangare biyu.

'Ya'yana masu shaguna, na Jimeta da na cikin gari, ku ne maɗaba'ar Adamawa a yau, ko kun sani ko ba ku sani ba. Yau da dare, in an samu wuta, ku sauke Andika da Charis SIL ku zuba a kwamfutocinku, ku ƙara allon rubutun Hausa. Kwabo ba za ku kashe ba sai 'yar data. In dattijo irina ya zo yana sauri ya ce buga kawai, ku yi masa ladabi, amma kada ku biye masa.

Ku kuma masu kai aiki, in an fitar muku da gwajin nan guda ɗaya, kada ku karanta shi a tsaye a bakin shago. Ku je da shi gida. Ku ba wanda bai san abin da aka rubuta ba ya karanta da ƙarfi kuna saurare. Ku bi sunaye harafi-harafi, ku duba kwanan wata da kalanda ko ranar ta dace, ku kira lambar wayar da ke jiki ku ji ko ta shiga. In komai ya yi, ku sa hannu a bayan takardar, sannan ku ce a buga.

Mai tambaya ko ƙarin bayani ya aiko mana ta hanyoyin da aka saba, za mu karanta a shiri na gaba in Allah ya kai mu. Wanda lambobin nan uku suka wuce shi, ga su karo na ƙarshe: ɓ, 0253, ɗ, 0257, ƙ, 0199.

(Taken rufewa.)